Manaɗin fatsa marar suna: yadda ake bin sawun wanda ya ƙera shi

Akwai wani ɗan manaɗin zaren fatsa da ya shekara huɗu a kan teburina. Na saye shi a wata kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi a tsakiyar Ingila, yana cikin kwali ɗaya da tsofaffin makullai da cokula. Faɗinsa inci uku da rabi. Jikinsa alminiyam ne mai launin toka, ƙafarsa tagulla, mariƙinsa fari kamar haure. Na juya shi gaba da baya ban ga suna ba, ban ga tambari ba, ko sunan gari babu. Amma da na murza shi sai na ji ƙararsa tana fita a tsare, ƙas-ƙas-ƙas, babu gargada, na kuwa san ba ɗan koyo ne ya yi wannan aiki ba. Tun daga ranar nake son sanin wa ya yi shi.

Irin fatsar da ake yi da wannan manaɗi ta bambanta da wadda muka saba gani a bakin kogi, ta tana da ƙugiya. A Birtaniya da Amurka masu kamun kifin tirawut da salmon suna ɗaura gashin tsuntsu da siliki a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta bisa ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya cafke. Ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta ja zare, don haka zaren ne ake yi mai nauyi, shi ke ɗaukar ta. Aikin manaɗi kaɗan ne: ya adana zaren, ya kuma riƙe shi kada ya warware a guje lokacin da kifi ya fizga. Kwarkwaro ne a cikin gida, da mariƙi, da ƙafar da ake maƙalawa a jikin sanda, da ɗan abin da ke hana kwarkwaron sakin jiki. Shi ke nan. To wannan sauƙin nasa shi ne ya sa gano maƙerinsa yake da wuya, domin kowa ya iya kwaikwayon kowa, an kuma yi ta kwaikwayon.

Abin da mutum zai fara fahimta shi ne rashin suna ba haɗari ba ne, tsarin kasuwar ne haka. A ƙarni na 19 har zuwa tsakiyar na 20, yawancin shagunan kayan kamun kifi ba sa ƙera manaɗi da kansu. Sari suke yi daga maƙeran da ba ruwansu da talla. A Birmingham akwai kamfanin Reuben Heaton, wanda aka kafa a 1857, yana fitar da manaɗan tagulla masu ɗimbin yawa. A Redditch, garin da ya yi suna da allura da ƙugiya, akwai kamfanonin Allcock da Milward, akwai kuma J.W. Young wanda ya yi wa kamfanoni da shaguna da dama aiki, su buga sunansu a kai. Maƙeri zai fitar da kaya fuska a share. Babban shago a Landan ko Glasgow ya biya a zana masa sunansa. Ƙaramin shago na ƙauye, wanda dozin ɗaya ya saro, bai damu da wannan ba, ya zuba su a kwali mai takarda, kwalin ya lalace tun shekaru tamanin da suka wuce, manaɗin ya rage tsirara.

Daga nan za a ga cewa ko manaɗin da ke da suna ma, sau da yawa sunan na mai sayarwa ne. Misalin da ya fi kusa da zamaninmu shi ne manaɗin CFO na kamfanin Orvis na Amurka, wanda ya fito a farkon shekarun 1970: sunan Orvis ne a jiki, amma a masana'antar Hardy da ke Alnwick a arewacin Ingila aka ƙera shi. A New York kuma Julius vom Hofe ya yi wa shaguna da yawa manaɗai da sunayensu. Saboda haka mai marar suna da mai suna duk tambaya ɗaya ke gabansu, sai dai mai marar suna ya huta da ruɗin da sunan shago ke jawowa.

Ni a ganina kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da tambayar wane ne. Mutum zai ɗauki hoto, ya shiga intanet yana neman mai kama da nasa, da ya ga wani Hardy mai siffa ɗaya sai zuciyarsa ta yanke hukunci, daga nan duk abin da ya gani sai ya fassara shi ya dace da abin da yake so. Kama da wane ba ta wane. Tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce wace ƙasa, sannan wane zamani, sannan wane gari ko wane gidan ƙira. Sunan mutum shi ne na ƙarshe, in an kai gare shi.

Ƙasa tana bayyana daga siffa tun kafin a kwance komai. Maƙeran Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 sun so haɗa baƙar roba mai tauri da farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, wanda ba azurfa a cikinsa ko kaɗan, gamin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. In ka ga faranti biyu baƙaƙe masu farin baki, da mariƙi mai lanƙwasa kamar harafin S, to hankalinka ya tafi New York, wajen Edward vom Hofe da ɗan'uwansa Julius da masu kwaikwayonsu. In ginshiƙan da ke haɗa farantan sun ɗago sun fita daga da'irar kamar kunnuwa, wannan salo ne da aka sani da manaɗin Leonard, wanda Francis Philbrook na Bangor a jihar Maine ya yi wa rajistar fasaha a 1877. In kwarkwaron siriri ne mai huji-huji da yawa don zare ya sha iska ya bushe, zuriyar manaɗin da Charles Orvis ya yi wa rajista a 1874 ne. Na Birtaniya kuwa sun fi zuwa da tagulla zalla, daga baya gamin alminiyam. A Perth ta Sikotland, garin maƙerin manaɗi P.D. Malloch, an yi salon haɗa katako mai duhu da tagulla. Akwai ma wata 'yar alama mai sauƙi: Turawan Ingila suna auna manaɗi da faɗinsa a inci, uku da kwata, uku da rabi, huɗu, su kuwa masana'antun Amurka masu yawan kaya sukan buga lamba a ƙafa, 40 ko 60 ko 80, wato yadin zaren da zai ɗauka. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan lamba a matsayin lambar samfuri su ɓata makonni suna nema.

Shaidar da na fi amincewa da ita wajen ƙasa ita ce noti. Maƙeri zai iya kwaikwayon siffar wani, amma da kayan yankan tiredin da ke shagonsa zai yi aiki. A Birtaniya ta wancan zamani ƙananan notuna na kayan aiki masu laushi suna bin ma'aunin BA, wanda kusurwar haƙorinsa digiri 47 da rabi ce, manya kuma ma'aunin Whitworth na 1841 mai digiri 55. Amurka tana kan digiri 60 da ƙidayar haƙori a inci. Faransa da Jamus suna kan milimita. Ba sai ka auna kusurwa ba. Ka samu 'yan notunan gwaji na kowane ma'auni, ka gwada a hankali da yatsa, wanda ya shiga sumul ba tare da tilas ba ya gaya maka ƙasar. A nawa, ƙaramin notin BA ne ya zauna daram. Daga nan na rufe babin Amurka da Japan, ko da yake Japanawa sun yi kwaikwayon manaɗan Ingila da manaɗin Pflueger Medalist na Amurka sosai bayan yaƙin duniya na biyu, wasu har sai ka duba da kyau.

Zamani kuma kayan da aka yi aikin da su ne ke faɗar sa, amma ta hanya ɗaya kawai suke magana: suna gaya maka ba a yi abin kafin shekara kaza ba, ba sa gaya maka an daina yinsa yaushe. Alminiyam ya yi araha ne bayan an gano hanyar tace shi da lantarki a 1886, don haka manaɗin alminiyam na kasuwa daga shekarun 1890 ne zuwa gaba. Bakelite, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, ba ta shiga kaya ba sai bayan haka. Noti mai kan gicciye na Phillips bai yaɗu ba sai tsakiyar shekarun 1930, in ka gan shi a manaɗin da ake cewa na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, ko dai ƙarya ake yi ko wani ya yi gyara. Amma tagulla ba ta nufin tsufa. An ci gaba da yin manaɗan tagulla masu arha a Birmingham shekaru da yawa bayan alminiyam ya cika kasuwa, da siffa ɗaya da ta kakanninsu.

Mariƙi yana da labarinsa. Ƙaho da ƙashi da hauren giwa na tsofaffi ne. Daga baya aka samu robar da ake yi ta kwaikwayi haure. Ka sa gilashin ƙara girma: ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe inda jijiyoyi suka bi, haure yana da layuka masu gicciye da juna a inda aka yanka shi, robar kuwa in tana da layi za ka gan shi a miƙe, a jere, daidai fiye da yadda halitta ke yi. Baƙar roba mai tauri ta tsofaffin faranti in ka goga ta da yatsa ta ɗumama za ka ji warin kibiritu, in kuma ta sha rana sai ta koma ruwan ƙasa ko kore-kore. Wannan wari shi ke raba ta da Bakelite. Sai dai mariƙi da ƙafa su ne suka fi karyewa, su ne kuma aka fi sauyawa, shi ya sa ba na gina hukunci a kansu su kaɗai. Ƙafar tsofaffin manaɗai doguwa ce, mutane da yawa sun sa magagari sun rage ta don ta shiga sandar zamani. In ka ga bakin ƙafa da sawun magagari, tsawonta ya daina zama shaida.

Yanzu sai ciki, inda ainihin maganar take. Fuskar manaɗi ta mai saye ce, an goge ta an gyara ta don ta burge. Ciki na maƙeri ne, ba wanda ya yi tsammanin za a duba, a nan kuwa hannun mutum yake barin halinsa, kamar yadda tela ke gane ɗinkin abokin sana'arsa in ya juya riga ya dubi bayanta.

Kafin a buɗe akwai gargaɗi. Manaɗin Perfect da Hardy suka fitar a 1891, mai boris a ciki, yana da ƙaramin notin kulle wanda tiredinsa na hagu ne, wato baya-baya yake kwancewa, wasu masu kwaikwayonsa kuma sun bi wannan tsari. Wanda bai sani ba zai yi ta murɗawa yana ƙara ɗaure shi har kan notin ya tsinke. In noti ya ƙi, ka ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana, ka nemi sukundireban da ya cika tsagar daidai.

Da ka cire kwarkwaro za ka ga ɗan faranti mai haƙora a bayansa, da ɗan harshen ƙarfe da ke shiga tsakanin haƙoran, da sifirin da ke danna harshen. Su ke ba da ƙarar nan. Wannan haɗi shi ne sa hannun kowane gidan ƙira. Siffar sifirin, zobe ne da ya kusa zagaye cikin gidan ko lanƙwasasshe ne kamar harafin V. Yadda aka kafe harshen, da noti ko da ƙusa mai dakakken kai. Ko akwai notin da ke ƙara wa sifirin ƙarfi daga gefe, da inda aka huda masa. Masu tara kayan Hardy har suna kiran waɗannan haɗe-haɗe da shekarunsu, na 1896, na 1905, na 1912, sannan mai harshe biyu da sifirin biyu na farkon shekarun 1920, wanda ɗaya ke aiki ɗaya ke jiran ko-ta-kwana. Maƙerin da ke yi wa shaguna goma aiki zai iya sauya launi da mariƙi ga kowane shago, amma ba zai sake sabon sifirin don kowa ba. Saboda haka in ka sami wani manaɗi wanda aka tabbatar da maƙerinsa, ka ajiye cikinsa kusa da cikin naka, ka ga sifirin da harshe da wurin kafinsu sun zo ɗaya har zuwa milimita, ka sami shaida mai nauyi fiye da hotunan fuska ɗari.

A cikin ne kuma ake samun haruffa da lambobi. Ma'aikatan Hardy sun daɗe suna buga haruffan farko na sunayensu a cikin manaɗin da suka haɗa. Walter Dingley, wanda ya yi aiki a Hardy ya bar su a 1911 ya buɗe nasa wurin a nan Alnwick, ya yi wa shaguna da yawa manaɗai masu kyau ƙwarai, alamarsa kuma ita ce harafin D da lamba a gefensa, a ciki. Manaɗi marar suna a waje mai wannan D a ciki, wanda kuma aikinsa ya yi daidai da na Dingley, yana cikin 'yan kaɗan da ake iya kiran sunan maƙerinsu kai tsaye. Na ce aikinsa ya yi daidai, domin buga harafi ɗaya ba ya ɗaukar minti guda ga mai son cuta, tunda an san wannan harafi yana ɗaga farashi. Ka duba ko ramin harafin ya tsufa tare da ƙarfen da ke kewaye da shi, ko kuwa yana ƙyalli sabo.

Lambar da ta fi yawa a ciki kuwa ba ta da alaƙa da suna ko shekara. Ita ce lambar haɗi. Da hannu ake daidaita kowane kwarkwaro da gidansa, sai a raba su a kai wajen rini ko goge, don haka ake buga musu lamba ɗaya don su sake haɗuwa. A nawa akwai 7 a cikin gidan, akwai 7 a bayan kwarkwaron. Amfaninta shi ne ta tabbatar mini ɓangarorin tare aka haife su, ba haɗin gambiza ba ne. Da na ga 7 a nan 12 a can, da na san manaɗai biyu nake bincike a kansu ba ɗaya ba.

Wani lokaci babu suna amma akwai lambar rajista, to wannan an dace. Sai dai a san yadda ake karanta ta. A Birtaniya, daga 1852 zuwa 1915, lambar rajistar fasaha tana komawa ɗaya a kowace sabuwar shekara, saboda haka lamba ba tare da shekara ba tana iya nufin abubuwa sittin daban-daban. Daga 1916 ne aka fara jerawa daga 100,001 ba komawa baya. Lambar da ke da Rd a gabanta ta rajistar zane ce, an fara ta a 1884, tana kuma ba da shekara. A Amurka sukan buga kwanan wata, kuma ranar Talata ake ba da waɗannan takardu, kamar ta Orvis da ta faɗo 12 ga Mayun 1874. Amma kwanan watan yana nuna lokacin da aka kare fasahar ne, ana iya ci gaba da buga shi shekaru ashirin. Sunan ƙasa kaɗai, kamar England, yakan nuna kayan da aka yi don fitarwa, domin dokar harajin McKinley ta 1890 ta wajabta a sa sunan ƙasar asali a kayan da ke shiga Amurka.

Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda ya tsinci irin wannan kaya: kada ya goge shi. Na yi wannan kuskure da wani ƙaramin manaɗin tagulla shekarun baya. Na ga ya yi duhu, na ɗauka datti ne, na sa man goge ƙarfe na dirje shi har yana walƙiya. Ashe duhun nan rini ne da maƙerin ya yi da gangan don kada ƙyalli ya kori kifi, kuma irin rinin yana cikin abubuwan da ake gane gidan ƙira da su. Har yau in na tuna sai na ji ciwon abin, domin shaidar da ta tsira shekara ɗari na share ta cikin rabin awa. Buroshi mai laushi da tsumma da ɗigon mai sun isa.

Bayan an tara duk wannan sai a koma ga tsofaffin kundayen kaya na kamfanoni da shaguna, waɗanda ke da zanen kowane samfuri da girmansa da farashinsa. Masu tara manaɗai a Amurka suna da ƙungiyarsu mai suna Old Reel Collectors Association, akwai kuma gidan tarihin wannan fatsa a Manchester ta jihar Vermont, wanda aka kafa a 1968. A zauren gwanjon Ingila za ka ji dillalai suna bambanta magana hawa uku: na wane ne, ana danganta shi ga wane, salon wane ne. Tsakanin na farko da na uku akwai kuɗi mai yawa, shi ya sa mai sayarwa kullum yake son hawa sama. Ni ina ganin mutunci ne mutum ya tsaya a hawan da shaidarsa ta kai shi, domin sunan da aka liƙa wa manaɗi yau bisa zato, gobe wani zai ɗauke shi ya auna nasa da shi, kuskuren ya haihu.

Nawa dai ga inda ya tsaya. Notin BA ya ce Birtaniya. Gamin alminiyam da mariƙin roba mai kama da haure da notuna masu tsaga ɗaya sun ajiye shi tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Babu haruffan ma'aikaci, babu D, kuma Hardy sun saba buga sunansu ɓaro-ɓaro a kayansu, don haka Alnwick ta fita. Siffar gidan da zaman sifirin sun yi kusa ƙwarai da manaɗan sari da J.W. Young suka yi kafin su fito da manaɗan Beaudex da Pridex da sunansu bayan yaƙi. Na ɗaura masa 'yar takarda da zare a ƙafa, na rubuta: Ingila, tsakanin 1920 da 1939, salon Redditch, lambar haɗi 7 a gida da kwarkwaro. Na bar layi ɗaya a ƙasa babu rubutu.